Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu Da Kansiloli: A Gyara Mana Hanya Tun Da Rani

Mai girma Shugaba, masu girma Kansiloli,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku barka da kaka. Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin lafiya da kwanciyar hankali, ya kuma taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Ni malamin firamare ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke ƙarƙashinku a nan ƙasar Daura, manomi kuma kamar kowa a garinmu. Na rubuto a fili, inda kowa zai karanta, domin damuwar ba ta garinmu kaɗai ba ce. Duk wanda ya taɓa sauka daga kwalta ya nufi wani ƙauye a yankin Daura, Sandamu, Mai'adua, Zango ko Baure a tsakiyar watan Agusta ya san abin da zan faɗa tun kafin in faɗa. Lokacin rubuta wasiƙar nan ma da gangan na zaɓe shi. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, ku kuma kuna zaman tsara kasafin kuɗin baɗi. Daga Nuwamba zuwa Mayu ne kawai ake iya yi wa hanyar ƙasa aikin da zai zauna, kuma shekara da shekaru waɗannan watanni suna wuce mu ba a taɓa komai ba, sai hadari ya fara haɗowa a ga an taso da gaggawa.

Ranka ya daɗe, ba kwalta na zo roƙo ba. Na san tsadarta, na san kuma ƙauyukan da ke jiran ku sun fi abin da ke aljihun hukuma yawa. Roƙona ya fi haka sauƙi: a ba ruwa hanyarsa domin ya daina bin tamu, a kafa alamomin da za su gargaɗi direba kafin ya iso kan yaranmu, a kuma sa wanda zai riƙa kula da abin da aka yi.

Wannan aiki naku ne a doka. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai ginawa da kula da hanyoyi, tituna, fitilun titi da magudanan ruwa, akwai sanya wa tituna suna da lambar gidaje, har da bayar da lasisin kekuna, baro da amalanke. Kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin Najeriya na ƙananan hukumomi ne. Hanyar da buhun gero ke bi daga gona zuwa kasuwa, da wadda mai naƙuda ke bi zuwa asibiti, ba ta da wani uba in ba ku ba.

Abin da ke cinye hanyar ƙauye ruwa ne, ya fi tayar mota ɓarna nesa ba kusa ba. Duk mai ɗakin soro a garinmu ya san wannan. Kafin damina yakan hau rufi ya yi yaɓe, ya gyara gangaren, ya zare tsummokara da ganyen da suka toshe indararo, domin ya san in ruwa ya kwana a saman ɗaki, azara ce za ta biya. Hanyar burji ma haka take. Ana son tsakiyarta ta ɗaga, gefenta ya sauka da kamar santimita 4 zuwa 6 a kowace mita, ruwa ya gangara zuwa lambatun da ke gefe, lambatun kuma ya sami mafitar da zai zubar da shi can nesa. Tamu hanyar ta juye. Shekaru sun sa tsakiyarta ta lotsa ta yi ƙasa da gonakin da ke kewaye da ita, ta zama ita ce magudanar. In aka yi ruwan dare, da safe rafi ne ke gudu a inda mota ya kamata ta bi. Ƙasarmu kuma jigawa ce, rairayi ne da ba ya riƙe kansa. Ɗan tsagin da yaro zai tsallake a farkon damina, kafin ƙarshenta ya zama kwazazzabon da zai haɗiye amalanke.

Ina so ku ga mashigin rafin da ke tsakaninmu da bakin titi a ranar da aka kwana ana ruwa. Mutane kan taru a gaɓa biyu suna kallon juna. Samari sun tuɓe riguna sun naɗe wando, mutum huɗu su ɗaga babur a kafaɗa su ƙetare da shi, mai babur ya biya su. Wani ya soka sanda a bakin ruwa, kowa na duban ta don a ga ko ruwan ya fara janyewa. Mata masu tallar nono sun sauke ƙore suna jira, rana tana yi, nonon yana tsami. Malaman da ke zuwa mana daga gari sukan tsaya can ƙetare su ɗaga mana hannu su juya, ranar babu darasi ke nan. Na taɓa tsayawa a wannan gaɓa tare da wata baiwar Allah da naƙuda ta zo wa da gardama, an shimfiɗa mata katifa a kan amalanke, uwar mijinta na riƙe da kanta tana yi mata addu'a, motar da aka kira kuma ga ta can muna hangen ta, ba ta da ikon ƙetarowa. Allah ya sa ta sauka lafiya. Amma ran mace bai kamata ya rataya a kan sandar da aka soka a bakin rafi ba.

Asarar dukiya kuwa ba a magana. Ɗan kasuwar da ya shigo da a-kori-kura sayen wake, gyaɗa ko riɗi yakan cire kuɗin wahalar hanya da na gyaran mota daga farashin da zai ba manomi. Taki yakan iso mana da tsada saboda dalili guda. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin acaba ya tashi ko'ina, amma mu namu ya ninka tashi, don ɗan acaba zai ce maka hanyarku tana cin taya da sarƙa, kuma gaskiya ya faɗa.

Ba a ce ba a taɓa kawo mana ɗauki ba. An kawo, sai dai yadda ake kawo shi ne ke ƙona kuɗin jama'a a banza. Tifa takan zo a watan Yuli, ruwa na tsaka da zuba, ta juye jar ƙasa tsibi-tsibi a kan hanya ta tafi. Wani lokaci a baje, wani lokaci a bar mana mu baje da shebur. Ba a gyara gangare ba, ba a haƙa lambatu ba, ba a danne ba. Ruwa biyu ya isa ya kwashe ta ya zuba a gonar mutane, abin da ya rage ya zama taɓo mai santsi da ke kayar da babura. Burji yana kama jikinsa ne idan aka shimfiɗa shi kaɗan-kaɗan, aka yayyafa masa ruwa daidai gwargwado, aka bi shi da motar danna ƙasa. Kafin a kai ga wannan ma, gireda ya kamata ta fara bi ta tayar da tsakiyar hanya ta yanke lambatu a gefe biyu. Aikin rani ne tsantsa.

Sai kwalbati. Wadda muke da ita ƙarama ce, kuma rairayi ya cika ta har baki, ruwa ya bar ta ya fasa ta gefe, yanzu tana tsaye ita kaɗai hanya ta zagaye ta. A ƙasa irin tamu, bututun da faɗinsa bai kai santimita 90 ba wahala ne, domin mutum ba zai iya shiga ya kwashe yashin da ya taru ba. Kuma ko wace iri aka saka, in ba a yi mata katangar kankare a baki biyu da fukafukan da za su tattaro ruwa su shigar da shi ba, ba a kuma jera duwatsu a inda ruwan ke faɗawa ba, ruwa zai ci ƙarƙashinta. Ga babban rafin kuwa, ina roƙon injiniyoyinku su duba yiwuwar daɓen kankare da ake shimfiɗawa a gindin rafi, ruwa ya bi ta kansa. Bai kai gada tsada ba ko kusa, yashi ba ya toshe shi, kuma ya dace da rafukanmu da ke cika na 'yan sa'o'i su janye. A jera masa turaku a gefe biyu, a shafa musu fenti fari da ja, don direba ya ga iyakar daɓen ya kuma gane zurfin ruwa kafin ya tsunduma.

Abu biyu ke tafiya tare da wannan aiki, ina fata kada a manta da su. Ramin da aka haƙi burji a ciki kada a tafi a bar shi da gaɓa a tsaye a bakin gari, domin da damina kududdufi yake zama, kuma kowace uwa a ƙasar nan ta san abin da kududdufi ke yi wa yara. A kwantar da bakinsa, ko a killace shi. Masu ɗibar yashi da tifa kuma a nuna musu inda za su ɗiba nesa da hanya da gindin kwalbati.

Mu ma mutanen gari muna da hannu a lalacewar, kuma za mu ɗauki namu kason. Akwai manomin da kowace shekara sai ya ƙara kunya ɗaya cikin hanya har ya cinye lambatu. Akwai mai toshe mafitar ruwa don kada ya shigar masa gona, ya tura shi kan hanyar kowa. A cikin gari ledoji da shara sun cike kwatoci. Waɗannan dagaci da masu unguwanni za su iya tsawatarwa, in hukuma ta zo ta kafa turakun da ke nuna iyakar hanya kowa ya gani. Aikin gayya kuma ba baƙonmu ba ne. Abin da gayya ba ta iya bayarwa shi ne gireda, siminti, rodi da idon injiniya.

Dattawanmu suna ba da labarin leburorin hanya na zamanin En'e, waɗanda kowane rukuni ke da yankin da yake kula da shi, kullum suna kai da diga da shebur. Wannan tsari bai tsufa ba. A ɗauki matasa daga ƙauyukan da hanya ta ratsa, kowane a ba shi kilomita ɗaya ko biyu, da baro, shebur, diga da ɗan alawus na wata. Ya cike rami tun yana ƙarami, ya yashe kwalbati bayan kowane babban ruwa, ya kai rahoto in abin ya fi ƙarfinsa. Abin da za a biya su a shekara bai kama ƙafar kuɗin sake gina kwalbati guda da ta rushe ba, ga shi kuma an rage masu zaman kashe wando.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi hana ni barci, wato mahaɗar da hanyarmu ta haɗu da kwalta. Makarantarmu na kusa da wurin, kuma da yawa daga cikin ɗalibaina sai sun tsallaka titi safe da rana. Idan aka tashi, ni ko wani malami mukan tsaya a bakin titi, yara su riƙe hannun juna a jere, manya a gefe, 'yan aji ɗaya a tsakiya, mu jira titi ya yi shiru sannan a ruga gaba ɗaya. Ranar da takalmin wani ya cire a tsakiyar titi ya juya zai ɗauka, sai ka ji zuciyarka ta tsinke. Ranar Lahadi da ake cin kasuwar Mai'adua ba makaranta, amma yaran nan ne dai ke bakin titi da tallar gyaɗa da ruwa, manyan motocin shanu na wucewa a guje.

Direban da ya taso daga nesa ba abin da ke gaya masa cewa akwai gari a gabansa, balle makaranta. Allon da ke wurin rana ta cinye fentinsa, abin da ya saura kuma an manne shi da fastar 'yan takara. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya hango yaro zuwa lokacin da motar za ta tsaya cik, ta shafe fiye da mita 50, in titi a bushe yake kuma birki na da kyau. Mai gudun 50 wajen rabin haka yake buƙata. Tirela mai lodi kuwa sai abin da Allah ya yi. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade gudun kilomita 50 a cikin gari, amma ta yaya baƙo zai san ya shigo gari da daddare, ko cikin ƙurar hunturu, in ba a gaya masa ba?

Alamomin da muke nema sanannu ne, suna cikin littafin dokokin hanya. Mai kusurwa uku da jan baki, ta gargaɗi, wadda ke nuna yara na tsallakawa, a kafa ta ta ɓangare biyu da tazarar da direba zai iya rage gudu. Mai zagaye da jan baki da ke nuna iyakar gudu. Jar alamar tsayawa mai kusurwa takwas a bakin hanyarmu, don 'yan acaba su daina faɗawa kwalta kai tsaye. Alamar kwana a inda titi ya lanƙwasa, da alamar shanu a inda burtali ya ratsa titi, domin Fulanin da ke kora garke da magariba su ma rayuka ne, dabbobinsu kuma dukiya ce. A yi su da abin nan mai ƙyalli da ke ɗaukar hasken fitila, fentin gida ba ya kai shekara a ranar Daura. Inda alama ke da rubutu, a ƙara da Hausa a ƙarƙashi, da boko da ajami, saboda yawancin masu bin hanyar nan da su suke karatu.

Na san za a ce ana sacewa. Gaskiya ne, masu sayen ƙarafa sun sa allon hanya ya zama abin farauta. Maganinsa a binne ƙafar cikin kankare, a yi wa kusoshin walda, a rubuta sunan gari a bayan allon, sannan a damƙa shi hannun mai unguwa da 'yan sintiri a gaban jama'a. Abin da aka ce wa mutane nasu ne, suna tsare shi. Mai manna fasta a kai kuma a ci shi tara, ko fastar wace jam'iyya ce.

Maganar tudun rage gudu tana buƙatar hankali. A garuruwa da dama, ranar da mota ta buge yaro, matasa cikin ɓacin rai sukan tara ƙasa ko su jera kututture da tsofaffin tayoyi a kan titi. Ban ga laifin zuciyarsu ba, amma irin wannan tudu marar fenti, marar gargaɗi, shi ma kisa yake yi, musamman ga mai babur da dare. Wanda aka yi bisa ƙa'ida tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, faɗinsa kuma ya kai mita uku da rabi zuwa huɗu, mota ta hau a hankali ta sauka a hankali, an shafa masa fenti, an kafa allo kafin a iso shi. Gara hukuma ta yi shi da kyau tun ba a yi jana'iza ba.

Ga wani ƙaramin abu da ke hannunku kai tsaye. Amalanken shanu sukan dawo daga gona ko kasuwa bayan magariba, ɗauke da kara ko buhuna, babu fitila babu komai, direba ba ya ganin su sai ya zo daf. Tunda doka ta ba ku lasisin amalanke, ku haɗa shi da ƙyalle mai ƙyalli ja da za a manna a bayan kowace. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma za a iya raba shi a ranar kasuwa ta hannun sarkin tasha da shugabannin masu amalanke. Haka nan allunan sunayen ƙauyuka a kowace mararraba, da nisan kowane. Motar asibiti, ma'aikatan rigakafi da masu kawo takardun jarrabawa duk sun sha ɓata a hanyoyinmu suna tambaya gona-gona.

Na fahimci cewa kwaltar ba taku ba ce, kuma ba ku da ikon taɓa titin jiha ko na tarayya sai da izini. Amma ku ne bakinmu. Titunan tarayya suna da FERMA, wadda aka kafa a 2002 don gyaran su. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, tana da ofisoshi a jihar nan. Jiha na da KASROMA mai gyaran hanyoyi da KASSAROTA mai lura da zirga-zirga. Takardar da ta fito daga ofishin Shugaba, ɗauke da sunan wuri da abin da ake nema dalla-dalla, ta fi kukan malamin firamare nauyi a teburinsu. Akwai kuma shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa, Katsina na cikin jihohin da ke ciki. Ba zai kai kowane ƙauye ba, sai dai hanyar da aka auna aka rubuta bayananta ta fi kusa da shiga lissafi. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, a ƙofar gidanmu. Me zai hana hukuma ta nemi malamanta su turo ɗalibai su auna hanyoyin ƙauyukanmu, su ƙirga kwalbatoci da mashigai, su nuna wuraren haɗari? Su sun sami wurin koyon aiki, ku kun sami taswirar da za ku yi kasafi a kanta.

Game da kuɗi, kowa ya ji hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Tun daga ranar talaka ya ƙara zuba muku ido, kuma yana da hujja. Ina roƙon a ware wa gyaran hanya da alamomi layinsu na kansu a kasafin baɗi, dabam da na sababbin ayyuka, domin gyara ba ya da bikin buɗewa, shi ya sa kullum shi ake fara yankewa. Duk aikin da aka bayar kuma a liƙa takardarsa a ƙofar fadar dagaci: tsawon hanya, yawan kwalbati, kuɗin da aka ware, ranar farawa da ranar gamawa. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai aikin ya ga damina guda ya tsaya.

Masu girma Kansiloli, ku ne kuka fi kusa da mu, a cikinmu kuke kwana, wannan rafin kuke ƙetarewa. Kowannenku ya zauna da dagatai, limamai, 'yan acaba, direbobi da matan da ke kai kaya kasuwa, a fitar da wurare uku mafi muni a gundumarsa, a kai zauren majalisa kafin a rufe kasafi. In kuɗi bai isa a yi duka ba, a fara da mashigan ruwa da ƙofofin makarantu.

A namu ɓangaren, mun yi magana da dagaci da masu unguwanni, mun shirya ba da hannu wajen haƙa lambatu, tara duwatsu da kawo ruwan aiki. Muna roƙon a turo mana injiniya daga sashen ayyuka kafin ƙarshen watan Disamba, tun sawun ruwan bana bai gushe daga jikin ƙasa ba, don ya ga inda ya bi da idonsa. Ya zo a ranar da ba kasuwa, zai tarar da mu a gida.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare mu da ku a kan hanya.

Wassalam.

Naku,
Malamin firamare daga wani ƙauye a ƙasar Daura, Jihar Katsina